Ɗigon kwantum

Ɗigon kwantum wani ɗan mitsitsin kiristal ne na semikondakta, wanda faɗinsa yawanci yake tsakanin nanomita 2 zuwa 10. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kowane gida shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000, wato sai an jera dubban irin waɗannan ɗigogi kafin su cike faɗin gashi ɗaya. A cikin kowane ɗigo akwai ƙwayoyin zarra daga ɗaruruwa zuwa dubbai, a jere cikin tsari iri ɗaya da na babban kiristal na wannan sinadari.

Abin da ya sa ake nazarinsa shi ne launinsa yana bin girmansa. A rini irin na marinar Ƙofar Mata da ke Kano, launi na bin sinadari ne: baba shuɗi yake bayarwa, mai son ja kuwa sai ya nemi wani abin rinin dabam. A ɗigon kwantum sinadari ɗaya na iya ba da launuka da yawa. Ɗigon kadmiyom selenaid mai faɗin kusan nanomita 2 yana fitar da haske mai karkata ga shuɗi, mai kusan nanomita 3 yana fitar da kore, mai kusan nanomita 6 kuma ja. Shi ya sa kusan duk ƙwarewar wannan fanni ta tattaru a wuri ɗaya: yadda za a tsirar da kiristal, a tsayar da shi daidai girman da ake so, kuma cikin siffar da ake so.

Ɗigon yana da 'yan uwa biyu. Akwai rijiyar kwantum, wadda siririn shimfiɗi ce da aka matse a kauri kaɗai, da kuma wayar nano, wadda aka matse ta ɓangarori biyu aka bar mata tsawo. Shi ɗigo ta ko'ina a matse yake.

Suna

Kalmar kwantum daga Latin ta fito, inda asalinta ke nufin "nawa". A kimiyyar lissafin ƙananan abubuwa ana nufin makamashin da ke zuwa a ƙidaye, mataki-mataki, ba a kwarare ba. Nano kuma daga kalmar Girkanci ce mai ma'anar wada. Masanin Amurka Mark Reed ne ya fara amfani da sunan da aka fassara da ɗigon kwantum, a shekarar 1986. Kalmar ɗigo a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, ɗigon alƙalami da ɗigon ruwa, kuma dukansu sun dace, domin yawancin waɗanda ake sayarwa a yau a cikin ruwan sinadari ake haɗa su, kuma a kwalba ake ajiye su kamar tawada.

Semikondakta da giɓin makamashi

Semikondakta abu ne da ke tsakanin mai wuce da lantarki sosai, kamar jan ƙarfe, da wanda ba ya wucewa da shi, kamar roba. Wanda aka fi sani shi ne silikon, wanda da shi ake yin farantan sola da ƙwaƙwalwar wayar hannu. Amma akwai wani da ya fi shi daɗewa a gidajen Hausawa, wato kwalli ko tozali. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, a mafi yawan lokuta galena ne, haɗin dalma da farar wuta, kuma ana samun ma'adininsa a kwarin Binuwai, a wurare irin su Zurak da Arufu, da kuma yankin Abakaliki. A irin wannan dutse ne Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya lura a 1874 cewa lantarki ya fi wucewa ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, kuma ɗan gutsuren galena ne ke kama tasha a rediyoyi marasa batir na shekarun 1920.

A cikin semikondakta, elektiron na iya zama a mataki na ƙasa, inda yake ɗaure da ƙwayoyin zarra, ko a mataki na sama, inda yake yawo. Tsakanin matakan biyu akwai tazarar da ba ya iya tsayawa a cikinta, ana kiranta giɓin makamashi, kuma ana auna ta da elektiron-bolt, a taƙaice eV. Giɓin silikon kusan 1.1 ne, na kadmiyom selenaid 1.74, na galiyom naitiraid 3.4, na galena kuma 0.41 kacal. Idan ƙwayar haske mai isasshen ƙarfi ta faɗo, sai ta ɗaga elektiron zuwa sama, ya bar gurbi a ƙasa. Gurbin yana nuna hali kamar abu mai caji kishiyar na elektiron, don haka biyun suna jan juna suna tafiya tare. Wannan tagwaitaka ita ake kira eksiton. Sa'ad da elektiron ya koma gurbinsa, makamashin da ya saki kan fito a matsayin haske, kuma faɗin giɓin ne ke yanke launinsa.

Ana auna launi da tsawon zango, kamar dai yadda ake cewa gajeren zango da matsakaicin zango a rediyo. Idon mutum yana ganin abin da ke tsakanin kimanin nanomita 400, wajen shunayya da shuɗi, zuwa 700, wajen ja. Gajeren zango ya fi ƙarfi. Idan aka raba 1240 da giɓin makamashi, za a sami tsawon zangon da nanomita: giɓin galena na 0.41 yana ba da kusan 3,000, can cikin hasken infirared wanda ido ba ya gani.

Dalilin da girma ke canza launi

A cikin babban kiristal, elektiron da gurbinsa suna da tazarar da suka saba bari a tsakaninsu. A kadmiyom selenaid ta kai kusan nanomita 5 zuwa 6, a galena kuma kusan 18. Muddin kiristal ya fi wannan tazara girma nesa ba kusa ba, girmansa ba ya shafar launinsa: ko an fasa dutsen kwalli gida dubu, kowane gutsure halinsa ɗaya. Amma idan aka ƙanƙanta shi har ya kusa wannan tazara ko ya gaza ta, sai wurin ya yi wa eksiton kaɗan.

A wannan ma'auni elektiron yana da halin igiyar motsi, kuma igiyar da aka takure ƙarfinta yakan hau. Makaɗin gurmi ya san haka da yatsunsa: duk sa'ad da ya danne tsirkiya ya rage mata tsawo, sautin sai ya ƙara siranta. Haka ɗigo yake. Ƙaramin ɗigo yana da faɗin giɓi, haskensa ya karkata wajen shuɗi. Babba yana da ƙaramin giɓi, haskensa ya karkata wajen ja. A lissafi mafi sauƙi, idan aka rage faɗin ɗigo da rabi, ƙarin makamashin da matsin ya jawo yakan ninka sau huɗu. Wannan lissafi yana zarce gaskiya a ɗigogi mafiya ƙanƙanta, amma yana nuna dalilin da ya sa kuskuren rabin nanomita ya isa ya canza launi.

Ɗigo yana shan duk hasken da ya fi giɓinsa ƙarfi, amma yana fitar da launi ɗaya mai tsabta, wanda faɗinsa a ma'aunin zango yawanci nanomita 20 zuwa 40 ne. Saboda haka fitila shuɗiya guda ɗaya ta isa ta haskaka kwalabe goma masu ɗigogi mabambanta girma, kowace ta ba da nata launin.

Tarihi

Mutane sun yi amfani da abin tun ba su san shi ba. A 2006 Philippe Walter da abokan aikinsa a Faransa suka gwada wani tsohon haɗin rina gashi na zamanin Girkawa da Rumawa, wanda ake kwaɓa sinadarin dalma da farar ƙasa mai ƙuna, suka tarar yana haifar da ƙwayoyin galena masu faɗin kusan nanomita 5 a cikin silin gashin, inda farar wutar ke fitowa daga gashin kansa. Masu yin gilashi mai launi su ma sun daɗe da sanin cewa haɗi ɗaya na kadmiyom na iya ba da ruwan ɗorawa ko ja, gwargwadon zafin da aka ba shi da daɗewarsa a wuta.

Herbert Fröhlich ya yi hasashe tun 1937 cewa ƙananan ƙwayoyi ba za su yi hali irin na manya ba, amma babu hanyar gwadawa a lokacin. Alexei Ekimov, a cibiyar nazarin haske ta Vavilov da ke Leningrad a Tarayyar Sobiyat, shi ya fara nuna abin a fili. Ya zuba sinadarin kofa kulorayid a narkakken gilashi, ya gasa samfurori a zafin digiri 500 zuwa 700 na tsawon awa 1 zuwa 96, ya sami ƙwayoyi daga kusan nanomita 2 zuwa 30, kuma ya ga cewa ƙananan sun fi shan haske mai karkata ga shuɗi. Ya wallafa sakamakon a 1981, Alexander Efros kuma ya taimaka da bayanin lissafinsa a 1982. Saboda rabuwar da ke tsakanin Gabas da Yamma a lokacin, labarin bai isa Amurka da wuri ba. A can, Louis Brus na ɗakunan bincike na Bell ya gano abu ɗaya da kansa a 1983: ƙwayoyin kadmiyom salfaid da ya haɗa a ruwa sun canza hali bayan sun ɗan kwana a kan tebur, domin sun girma daga kusan nanomita 4.5 zuwa 12.5.

Matsalar da ta rage ita ce inganci. Ɗigogin farko sukan fito gauraye, manya da ƙanana, masu lahani a jiki. Moungi Bawendi, wanda aka haifa a Paris a 1961, ɗan masanin lissafi ɗan Tunisiya, ya warware ta a 1993 a cibiyar MIT tare da ɗalibansa Christopher Murray da David Norris. A ranar 4 ga Oktoba 2023 aka ba Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel ta ilimin sinadarai.

Yadda ake tsirar da su

Hanyar Bawendi, wadda ake kira allurar zafi, ita ce tushen yawancin hanyoyin da ake bi a yau. Ana dafa wani ruwan sinadari mai jure zafi har kusan digiri 300, cikin kwalbar da aka fitar wa iska aka cika da gas ɗin da ba ya haɗuwa da komai. Sai a ɗura masa kayan haɗin kiristal da sirinji, gaba ɗaya, cikin ƙiftawar ido. Nan take ruwan ya cika ya batse da kayan, irin kiristal masu ɗimbin yawa su kafu a lokaci guda. Da yake abin da aka ɗura mai sanyi ne, zafin kwalbar yakan faɗi, kafuwar sabon iri ta tsaya. Daga nan sai a riƙe zafin a ƙasa kaɗan, waɗanda suka riga suka kafu su ci gaba da girma a hankali.

Hikimar ita ce raba lokacin tsira da lokacin girma. Manomin masara a Funtua ko Malumfashi da ya gama shuka gonarsa a bayan ruwa ɗaya zai ga ta tashi kai ɗaya. Wanda ya yi ta maimaici mako bayan mako kuwa zai sami dogaye da gajeru a kunya guda. Victor LaMer da Robert Dinegar sun bayyana wannan ƙa'ida tun 1950, a kan ƙwayoyin farar wuta. Mai aikin yakan ɗebi ɗan samfur lokaci-lokaci ya auna hasken da yake sha, kuma ana iya ganin ruwan da ido yana sauyawa daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro zuwa ja. Da ya kai inda ake so, sai a sauke a sanyaya.

Jinkiri yana da hatsari. Muddin akwai wadataccen abinci a ruwan, ƙananan ƙwayoyi sun fi manya saurin girma, har su kusa cim musu. Xiaogang Peng da Paul Alivisatos da abokin aikinsu sun nuna haka a 1998. Amma idan abincin ya ƙare, sai lamarin ya juye: ƙananan su narke, manyan su cinye abin da suka saki, bambancin girma ya ƙaru. Ana danganta wannan da sunan Wilhelm Ostwald, kuma shi ne abin da ya faru da ruwan Brus a kan tebur. Bayan an sauke, akan ƙara wani ruwa da ke sa manyan ɗigogi su fara kwantawa kafin ƙanana, a tace su kashi-kashi kamar tankaɗe. Da haka aka kai ga samfurin da bambancin faɗinsa bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba.

Abin da ke hana ɗigogin manne wa juna shi ne wasu dogayen sinadarai masu maiƙo da ke kama jikinsu da kai ɗaya, su bar jela tana reto a ruwa. Wanda aka fi amfani da shi shi ne asid oleyik, wanda ke da yawa a man gyaɗa da man zaitun. Da shi Margaret Hines da Gregory Scholes suka haɗa ɗigogin galena masu inganci a 2003.

Hanya ta biyu ba ta ruwa ba ce. Ana ɗora faifan semikondakta a cikin na'urar da aka zuƙe wa iska ƙaf, a riƙa feso masa ƙwayoyin zarra shimfiɗi bayan shimfiɗi. Alfred Cho da John Arthur ne suka ƙirƙiro wannan dabara a ƙarshen shekarun 1960, kuma da ita Raymond Dingle da abokan aikinsa suka nuna rijiyar kwantum a 1974. Idan tsarin abin da ake shimfiɗawa ya fi na faifan faɗi, sai a sami tirjiya. Tazarar ƙwayoyin zarra a indiyom arsenaid ta fi ta galiyom arsenaid da kusan kashi 7 cikin ɗari. Shimfiɗin farko yakan daure ya kwanta, amma kafin na biyu ya cika sai ya tattare ya yi tsibi-tsibi, kamar tabarmar da ta fi ɗaki girma. Waɗannan tsibi, masu gindin kusan nanomita 20 da tsayin 'yan nanomita, su ne ɗigogin, kuma sukan kai biliyoyi a fili mai faɗin farcen yatsa. Ana kiran wannan salon tsiro da sunan Ivan Stranski da Lyubomir Krastanov, 'yan Bulgeriya da suka yi bayaninsa a 1938. Hanyar tana da tsada, kuma ɗigogin ba sa fitowa a jere, amma suna binne a cikin kiristal mai tsabta, abin da ya sa suka dace da yin lesa. Yasuhiko Arakawa da Hiroyuki Sakaki na Japan sun yi hasashe a 1982 cewa irin wannan lesa ba za ta damu da canjin zafi sosai ba.

Wayar nano kuma da ɗigon zinariya ake jawo ta. R. S. Wagner da W. C. Ellis sun bayyana hanyar a 1964. Zinariya ita kaɗai sai zafi ya kai digiri 1064 take narkewa, amma idan ta haɗu da silikon takan narke a kusan 363. Narkakken ɗigon yana tsotsar silikon daga gas, idan ya ƙoshi sai ya ajiye rarar a ƙarƙashinsa, wayar ta riƙa tsawo shi kuma yana bisa kanta kamar hula. Faɗin ɗigon zinariyar shi ne faɗin wayar. Da yake siririya ce, tana iya sakin tirjiya ta gefe, don haka ana iya tsirar da sinadaran da ba su dace da silikon ba a kansa ba tare da sun tsage ba.

Siffa

Kiristal ba ya girma daidai ta kowace fuska. Kadmiyom selenaid yana da tsari mai kusurwa shida wanda ke da doguwar gaɓa ɗaya. Idan aka sa sinadarin da ya fi kama gefuna ya bar kawunan biyu a buɗe, sai ƙwayar ta miƙe ta zama ɗan sanda. Ƙungiyar Alivisatos a Berkeley ta wallafa wannan a shekarar 2000. A sanda, kauri ne ke yanke launi fiye da tsawo, kuma hasken da take fitarwa yana kaɗawa ne ta bin tsawonta, ba ta ko'ina ba. A wasu yanayi kuma cibiyar takan fara da wani tsari dabam mai fuskoki huɗu, kowace fuska ta fitar da hannu, a sami abu mai ƙafa huɗu wanda duk yadda ya faɗi ɗaya na kallon sama, kamar ƙayar tsidau.

Siffar da ta fi kowace daidaito ita ce ta fallaye, wadda Sandrine Ithurria da Benoit Dubertret suka haɗa a Paris a 2008. Kaurin kowane falle adadi ne ƙidayayye na shimfiɗun ƙwayoyin zarra, babu rabi babu kwata. Shi ya sa launukansu ke tsalle daga kusan nanomita 460 zuwa 510 zuwa 550 babu komai a tsakani, kuma tsabtar launin ta fi ta ɗigogi masu siffar ƙwallo nesa.

Bawo da ƙyaftawa

A ɗigo mafi ƙanƙanta, rabin ƙwayoyin zarra ko fiye a bayan jiki suke, kuma kowace tana da hannun da bai kama komai ba. Waɗannan wurare tarko ne: elektiron ya faɗa, makamashinsa ya tafi a zafi maimakon haske. Maganin shi ne a yi wa ɗigon bawo da wani semikondakta mai giɓi mafi faɗi. A 1996 Hines da Philippe Guyot-Sionnest suka lulluɓe kadmiyom selenaid da zink salfaid, suka sami ɗigogin da ke mayar da kusan rabin hasken da suka sha. Na zamani mafiya kyau suna mayar da kusan duka.

A wannan shekarar kuma aka gano cewa idan aka zuba wa ɗigo guda ido a madubin bincike, haskensa na ɗaukewa yana dawowa babu tsari, ko da fitilar da ke haska shi ba ta motsa ba. Ana alaƙanta wannan ƙyaftawa da cajin da ke kuɓucewa zuwa bayan jiki na ɗan lokaci. Bawo mai kauri yana rage ta sosai.

Amfani

Tsarin nano da ya fi yawa a gidaje da shagunan ƙasar Hausa ba ɗigo ba ne, rijiya ce. Kowace tocila mai farin haske, da fitilar caji, da hasken bayan waya, da ƙwan sola da ke rataye a teburin mai shayi, suna ɗauke da shimfiɗun indiyom galiyom naitiraid masu kaurin kusan nanomita 2 zuwa 3. Daga nan shuɗin haske ke fitowa, sai wata hoda da ke samansa ta mayar da wani kaso ruwan ɗorawa, ido ya ga fari. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura sun karɓi kyautar Nobel ta 2014 a kan wannan shuɗiyar fitila, wadda ita ce ta kori aci-balbal da fitilar ƙwai daga kasuwannin dare.

Ɗigogin kansu sun fi shiga kasuwa ta hanyar talabijin. Sony ya fara sayar da irinsa a 2013, Samsung ya biyo a 2015, daga 2017 kuma ya sa masa suna QLED. A cikinsa akwai shuɗiyar fitila a baya, da siririyar leda mai ɗigogi iri biyu da ke mayar da wani kaso na shuɗin zuwa kore da ja masu tsabta. Sunan yana ɗan ruɗarwa, domin ɗigogin ba lantarki ke kunna su kai tsaye ba, hasken fitilar baya suke juyawa. A likitanci kuma, tun 1998 ake manna su a jikin sinadaran da ke neman wata ƙwayar halitta, don a ga inda take a madubi.

Farantan solar da ke tuƙa famfunan ban ruwa a fadamun kudancin Katsina na silikon ne, ba na ɗigo ba. William Shockley da Hans Queisser sun nuna a 1961 cewa farantin da ke da giɓi ɗaya ba zai wuce kusan kashi 30 cikin ɗari na hasken rana ba, domin hasken da ya gaza giɓin wucewa yake yi, rarar wanda ya fi shi kuma zafi take zama. Ɗigo yana ba da damar zaɓen giɓi, kuma a 2004 Richard Schaller da Victor Klimov a Los Alamos suka nuna cewa ƙwayar haske ɗaya na iya ɗaga elektiron fiye da ɗaya a cikinsa. Duk da haka, mafi kyawun ƙwayoyin sola na ɗigo a ɗakin gwaji ba su kai farantan silikon na kasuwa ba, waɗanda suka wuce kashi 20, kuma suka fi su daɗewa a rana.

A harkar noma, kamfanin UbiQD na Amurka yana yin ledar rumfar shuka mai ɗigogi da ke mayar da hasken da ya wuce shuɗi zuwa ruwan goro da ja, waɗanda ganye ke amfana da su. Amfaninta kaɗan ne a inda noma a fili ake yinsa. Abin da ya fi kusa da buƙatar yankin hatsi irin na Funtua da Dandume da Bakori shi ne awo. Ɗigogin galena, da yake giɓinsu ƙarami ne, ana iya daidaita su su ga infirared tsakanin nanomita 1,000 zuwa 2,000, ruwa kuma yana shan haske sosai a wajen 1,450. Kyamarar da aka yi da su tana bambanta busasshen hatsi da mai danshi, kuma ana sa ran za ta fi irin kyamarorin infirared na da araha. Danshi ne ke kawo fumfunar da ke haifar da gubar afulatoksin a masara da gyaɗa, kuma masu bincike sun yi takardun gwaji masu ɗigogi da ke nuna wannan guba da haske.

Guba

Ɗigogin da suka fi haske an yi su ne da kadmiyom ko dalma, kuma dukansu guba ne. Dokar Tarayyar Turai ta kayan lantarki ta taƙaita kadmiyom a kashi 0.01 cikin ɗari, dalma kuma a 0.1, sai inda aka yi togiya. Wannan ne ya tura kamfanoni zuwa indiyom fosfaid, wanda ya fi wuyar haɗawa. Ɗigogin ferobsikait da ƙungiyar Maksym Kovalenko ta fitar a Zurich a 2015 suna da sauƙin yi kuma suna ba da dukkan launuka, amma su ma da dalma a ciki, kuma danshi na lalata su.

Illar dalma ba baƙuwa ba ce a arewacin Najeriya. A 2010 yara kusan 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. A 2012 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka sami dalma ta yi yawa a jininsa, aka gano tushenta a kwallin da aka kawo daga Najeriya, wanda kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce. Ɗigogin da ke cikin talabijin a rufe suke cikin leda, kuma ba su da yawa. Hatsarin yana tasowa ne idan kayan ya mutu aka fasa shi ko aka ƙone shi a bola don cire ƙarfe.

Neman madadi mara guba ya mayar da hankali ga silikon. Babban kiristal na silikon kusan ba ya fitar da haske, amma a 1990 Leigh Canham a Ingila ya nuna cewa idan aka zaizaye shi ya zama siraran zare yana ba da jan haske. A 2022 Ken-ichi Saitow da abokan aikinsa a Jami'ar Hiroshima suka ciro silika daga ɓuntun shinkafa, wanda kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa silika ne, suka mayar da ita ɗigogin silikon masu faɗin kusan nanomita 3, suka haɗa fitila mai haske tsakanin ruwan goro da ja.